Umarni Zuwa Famfon Tsibiri

Jan rubutu ya cika allon kwamfutar. Khairiyya ta ɗage hannuwanta daga kan maɓallai ta goge zufar tafinta a gefen hijabi. Dattijon da ke tsaye a bayanta bai iya karatun boko ba, amma ya ga launin.

"Malama, wanga jan ba alheri ba ne, ko?"

"Ba ta gane abin da na ce mata ba ne, Baba Bawa. Ga kujera, ka zauna mana."

Bai zauna ba. Ya dai matsa gefe kaɗan don kada inuwarsa ta faɗa kan allon.

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika har ta tumbatso kan titi. Ƙarar babura da muryoyin masu shelar magani suna hawowa ta taga zuwa ɗakin da ke saman shaguna, inda Khairiyya ke koyar da mata kwamfuta. Ɗalibanta sun watse tun kafin azahar, saura Rabi, wata ma'aikaciyar jinya mai koyon buga rubutu, wadda ta ga an shigo da matsala ta ƙi tafiya.

Bawa shi ne shugaban ƙungiyar masu noman albasa a wata fadama da ke bayan Tsibiri. Ƙungiyar tana da rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana, wanda ake kunnawa daga waya. Wajen mako guda ke nan da aka ce wa mutanen unguwarsu su tashi, saboda 'yan bindiga sun sauka a dajin da ke kusa. Kafin su fito, Bawa da mutanensa suka bi gonar suka buɗe bakin kowane fangali, wato 'yan komayen da ake shuka albasar a ciki, don in an kunna famfo daga nesa ruwa ya bi da kansa iya inda zai iya kaiwa. Kwanakin farko haka aka yi. Daga baya manhajar wayar ta nemi a sabunta ta, aka sabunta, ba ta ƙara buɗewa ba. Albasa kuwa ta fara ɗaura kai, lokacin da ba ta jure ƙishi.

Wanda ya haɗa musu famfon, Mahmud, ajinsu ɗaya da Khairiyya a kwalejin poli. Da Bawa ya kira shi da safe, yana cikin doguwar mota a hanyar Fatakwal, cajin wayarsa na gab da ƙarewa. Ya turo wasu layukan rubutu da saƙon murya, ya ce a kai wa Khairiyya.

Ta sake kunna saƙon. Muryar Mahmud tana yankewa cikin rurin inji.

"Khairiyya, ki yi haƙuri na ɗora miki. Manhajar ce ta mutu, famfon lafiyarsa lau. Wannan umarnin zai je wajensa kai tsaye. Na Linux ne, ki juya shi zuwa naku. Ki kula da mabuɗin don Allah, in ana ta aika shi ba daidai ba za su kulle, kuma sai na sauka na kira kamfanin famfon. Na biyun na kyamara ne, in kina son…"

Nan ya yanke. Tun daga lokacin wayarsa a kashe take.

"Mi yac ce?" in ji Bawa, ko da yake ya ji da kunnensa.

"Ya rubuta saƙon da yaren da kwamfutarsa ke ji. Tawa wani yaren take ji. Saƙon ɗaya ne, yadda ake faɗinsa ne ya bambanta."

"To ki yi mata tafinta."

Rabi ta yi dariya. Khairiyya ba ta yi ba, domin rabonta da Linux tun shekarar ƙarshe a makaranta, kuma duk kwamfutocin ɗakin Windows ne a kansu. Ta leƙa taga. Rana ta ɗan gota tsaka. In ta yi sanyi, famfon ba zai ja ruwan kirki ba ko da an kunna shi.

Ta daina gaggawa. Ta kwafi saƙon Mahmud ta ajiye a gefe guda na allon, ta buɗe baƙar tagar PowerShell, inda ake rubuta wa kwamfutar umarni, a ɗaya gefen, ta fara bin rubutun kalma-kalma kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Kalmar farko ma ita ce ta fara yaudararta. Mahmud ya rubuta *curl*, sunan ɗan aiken da ke ɗaukar saƙo ya kai wa wata kwamfuta ta intanet. A nan ma akwai mai amsa wannan sunan, sai dai wani ne daban, sunan kawai ya ara. Shi ya sa da ta liƙa umarnin yadda yake, ya tsaya yana tambayar me ake nufi da harafin da ke biye. Sannan ga wata karkatacciyar sanda da Mahmud ya sa a ƙarshen kowane layi. A wajensa tana nufin magana ba ta ƙare ba, a ci gaba zuwa layi na gaba. A wajen PowerShell ba ta nufin komai, don haka ya ɗauki kowane layi a matsayin umarni mai zaman kansa, ya yi ta ƙorafi a kan kowanne.

Ta yanke shawarar ba za ta yi wa rubutun faci ba, za ta sake faɗinsa ne daga farko da kalmomin gidan. Ta tambayi kanta abin da kowane yanki ke yi. Wannan adireshin da za a je ne. Wannan yana cewa ba tambaya aka zo yi ba, aiki aka zo bayarwa. Wannan dogon jerin haruffa da lambobi shi ne mabuɗi, shaidar cewa mai aiken yana da izini. Wannan na ƙarshe, 'yan kalmomi cikin baka biyu, shi ne ainihin saƙon: famfo, kunna.

Ta rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Ta cire sandunan ta sa a madadinsu 'yar ƙaramar alamar nan da ke can saman allon maɓallai ta hagu, wadda a shekarunta na koyarwa ba ta taɓa nuna wa ɗaliba ita ba. Ta karanta, ta sake karantawa, ta yi bisimilla ta danna.

Allon ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai ja ya dawo, amma gajere, layi biyu.

"Har yanzu ba ta ji ba?" in ji Bawa.

"Ta ji. Saƙon ya fita ya je. Can ne aka ce mabuɗin ba daidai ba ne."

Khairiyya ba ta san sau nawa kamfanin ke yin haƙuri kafin ya kulle ba, Mahmud bai faɗa ba. Ta duba mabuɗin da ta rubuta, ta duba na cikin saƙon. Harafi da harafi iri ɗaya ne. Rabi ta matso da kujera ta riƙa karanta na waya da ƙarfi, Khairiyya na bin na allo da yatsa. Babu bambanci.

"Ki sake aikawa mana," in ji Rabi. "Wataƙila sabis ne."

"A'a."

Maimakon ta aika, sai ta umarci kwamfutar ta nuna mata mabuɗin yadda ita ta fahimce shi. Ya fito a ƙasa, kuma ya fi na sama gajarta. Daga tsakiyarsa wani yanki ya ɓace ɗungurungum, tun daga wata alamar kuɗin dala har zuwa 'yan haruffan da ke bayanta.

Khairiyya ta jingina da kujera. Laifinta ne. Mahmud ya kewaye mabuɗin da alamar zance mai ƙwaya ɗaya, ita kuwa hannunta ya saba da mai ƙwaya biyu, ta canza ba tare da ta lura ba. A cikin mai ƙwaya biyu, in PowerShell ya ga alamar dala yakan ɗauka sunan wani abu ne da aka ba shi ajiya. Ya je ya duba, bai sami komai ba, ya cike gurbin da babu.

"Ta cinye wani wuri a hanya," ta ce wa Bawa. "Ni na ba ta dama."

"Yanzu kin hana ta?"

"Yanzu zan hana ta."

Ta mayar da alamomin yadda suke, ta sa a sake nuna mata. Mabuɗin ya fito cikakke. Ta danna.

Wannan karon babu ja. Farin rubutu ne, layi ɗaya, kalmomi uku. Ta juya ga Bawa.

"Ya ce ya kunna."

Bawa ya dubi allon, ya dubi silin, ya kasa kunne kamar zai jiyo ƙarar famfon ta cikin hayaniyar kasuwa. "Daga nan har Tsibiri," ya ce a hankali.

"Ba kai tsaye ba ma, Baba. Daga nan ya hau ƙarfen sabis, ya bi waya har Legas, ya shiga wata wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ya je wata babbar kwamfuta a ƙasar Turawa. Ita ta duba mabuɗin, ta juyo da shi, ya dawo ta tekun, ya zo har sandar famfon da ke gonarku."

"Yaushe?"

"Yanzu. Kafin in ɗage yatsana."

Sai a lokacin Bawa ya zauna. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Gonar da in na hau babur ba ni daɗewa," ya ce. "Ni ban iya zuwa, shi ya tahi teku ya komo. Allah mai iko."

Khairiyya ta sha faɗa wa ɗalibai wannan bayanin, tana zana kibiyoyi a farin allo. Yau da ta faɗe shi, sai ta ji tsigar jikinta ta tashi.

Amma kalmomi uku ba ruwa ba ne, kuma ta ga Bawa yana son ya yarda ya kasa. Ta koma kan umarni na biyu. A kan sandar famfon akwai 'yar kyamara da aka sa saboda ɓarayin farantin hasken rana. Ta juya wannan da sauri, tana jin ta gane hanya. Hoton ya sauko, ta danna shi, kwamfutar ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Mahmud ya yi amfani da wata alama mai kamar bakin kibiya, wadda a wajensa ke zuba duk abin da ya zo cikin fayil yadda yake. PowerShell kuwa ya ɗauka rubutu ne, ya yi ƙoƙarin gyara shi, ya lalata. Ta cire kibiyar ta gaya masa da kalmarsa cewa ya ajiye kawai, kada ya taɓa.

Hoton ya buɗe daga sama zuwa ƙasa. Sararin sama fari fat. Layin itatuwan darbejiya. Sai gonar, fangali bayan fangali, ganyen albasa ya kwanta ya yi toka-toka. Ta tsakiya, a babbar hanyar ruwa, wani baƙin zare mai ƙyalli ya miƙe daga gindin sandar ya kai kusan rabin gona.

Bawa ya miƙa yatsa ya taɓa allon a kan zaren, ya janye, ya dubi yatsan.

"Akwai mutum," in ji Rabi.

A gefen dama, inda ruwan ya kai, akwai wani abu mai duhu a sunkuye. Khairiyya ta ƙara girman wurin, hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai. Ba a gane komai sai cewa mutum ne, kuma akwai wani dogon abu a hannunsa.

"Duk mun fito," Bawa ya ce, muryarsa ta sauka. "Ni na ƙirga mutane da kaina."

"Bindiga ce?" Rabi ta tambaya.

Khairiyya ta sake aika umarnin. Sabon hoto ya sauko. Mutumin ya miƙe tsaye, ya ɗan matso kusa. Malfa ce a kansa, da tsumma a kafaɗa. Abin hannunsa kalme ne. Ya dogara da ƙafar hagu, ta dama ya ɗan jaye ta baya.

Bawa ya tashi tsaye har hular ta faɗi ƙasa.

"Kawu Manu," ya ce. "Wanga tsayuwa tashi ce. Ƙanen innata. Malama, Kawu Manu yana Damri. Ni na sa shi mota."

Ya ciro waya ya nemo lambar Hasana, 'yar tsohon da ke aure a Damri, ya sa muryar a bayyane. Suka gaisa: gida, yara, maigida, baƙunta, zafi. Bawa bai tsallake ko ɗaya ba, idonsa na kan allon.

"Hasana, ina Kawu?"

"Baba? Ba wurinku yake ba, Yaya? Kwana ɗaya ya yi nan, ya ce Mafara zai tahi wurinka, wai ɗakinmu ya yi mai zafi. Ya ma bar wayarshi wurin jikoki." Sai ta ce, "Yaya Bawa, bai iso ba?"

"Lafiya lau yake. Ina ganin shi yanzu haka."

"To ba ni shi."

"Ba ya kusa," in ji Bawa. "Zan kira ki, ki kwantar da hankalinki."

Ya kashe wayar ya koma kan kujera. Khairiyya ta ci gaba da ɗauko hotuna, ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya je teku ya dawo. A jere suka zama kamar motsi. Tsohon yana tare ruwa da ƙasa a nan, yana buɗe shi a can. In fangali ya cika sai ya toshe bakinsa ya kora ruwan gaba. Kusa da sandar akwai bokitai biyu da sanda ta ɗaukar ruwa, kuma 'yan fangalin da ke wajen sun fi sauran kore.

"Da bokiti yake ta ba su," in ji Bawa. "Daga kududdufi. Mutum ya wuce saba'in." Ya matso da fuska kusa da allon. "Kin ga wanda yake ba ruwa yanzu? Na Ɗayyabu ne. Na gaba na Taibatu. Nashi yana can ƙarshe, gindin darbejiya. Da shi za ya ƙare."

"Me yake ci?" Rabi ta tambaya.

Aka kira la'asar a masallacin kasuwa. Bawa ya sauka ya yi salla ya dawo da sauri, yana haki daga hawan bene. A ƙasa ya haɗu da wani ɗan unguwarsu, wanda ya ce masa gobe da safe jami'an tsaro za su raka motocin hatsi ta hanyar Maradun. Bawa ya ce zai bi su, ko ya ɗauko tsohon ko ya kai masa abinci su zauna tare.

"Malama, babu wani umarni da za ki rubuta shi ji murya?"

"Babu lasifika a sandar, Baba. Abu biyu kaɗai na iya gaya wa famfon: kunna, kashe."

"Ko shi san muna ganin shi. Ko shi san an san yana nan."

Khairiyya ta dubi umarnin farko, wanda har yanzu yake a saman allon. Kalma ɗaya ce za ta canza a cikin bakan nan biyu. Ta goge ta, ta rubuta kishiyarta.

"In ruwa ya ɗauke ya dawo, ya sake ɗaukewa ya dawo, zai gane hannun mutum ne," ta ce. "In yi?"

Bawa ya gyaɗa kai.

Ta kashe. Ta ɗauko hoto. Tsohon ya ɗago, yana kallon bututun da ya daina zuba. Ta kunna. Ya koma ya sunkuya. Ta bari ya ɗan yi aiki, ta sake kashewa, ta kunna, ta kashe. Hoto na gaba babu kowa a cikinsa, sai kalme a yashe a bakin fangali. Rabi ta kama hannun kujera.

Khairiyya ta sake aikawa.

Fuska ce ta cika allon. Malfar ta zame baya, farin gemu, idanu a tsuke saboda rana. Ya zo har gindin sandar ya ɗaga kai yana kallon kyamarar. Bakinsa a buɗe yake, ana ganin giɓi. Hannu ɗaya ya nuno su da yatsa, ɗayan ya miƙe baya yana nuna wajen darbejiya.

Bawa ya kalli hoton ya kalla. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Khairiyya ta ɗauka kuka yake, sai ta ji dariya ce, ko da yake hawaye na bin gemunsa.

"Faɗa yake yi muna," ya ce. "Wallahi faɗa yake yi. Cewa yake wane marar aikin yi ne ke wasa da ruwa rana na faɗuwa." Ya share fuska da hannun riga. "Ki sakar mai ruwanshi, Malama. Kada ki ƙara taɓawa."

Ta mayar da kalmar ta danna. Farin layin ya fito. Ta jira kaɗan, sannan ta ɗauko hoto.

Ya riga ya juya musu baya. Yana tafiya a kan kunya yana jan ƙafar dama, ruwan na gudu a gefensa, ya kusa wuce shi.